BABI NA UKU: SINADARAN DA KE ƘARA YAWAN MAKARƁAI A JIKIN ƘWAYOYIN GARKUWA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin garkuwar jiki da ire-iren ƙwayoyin da suka haɗu suka tayar da ita. A wannan babi kuwa za a taƙaita ne ga wani abu ɗan ƙarami da ke zaune a bayan waɗannan ƙwayoyi, wato makarɓi, da kuma sinadaran da masana suka gano suna iya ƙara yawansa. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa kashi biyu ce. Da farko, ta wace hanya sinadari yake sa ƙwaya ta fito da makarɓai fiye da yadda ta saba? Sannan kuma, idan an yi nasarar hakan, shin marar lafiya yana amfana? Domin kada bayani ya watse, an ɗauki cuta guda ɗaya a matsayin misali, wato sankarar ɓargo da likitoci ke kira mayeloma, saboda an gwada wannan dabara a kanta tun daga ɗakin bincike har zuwa jikin mutane.

3.1 Ma'anar Makarɓi da Yadda Yake Fitowa

An samo kalmar makarɓi daga aikatau "karɓa", bisa tsarin da ya samar da kalmomi irin su mabuɗi da maɗauri. A nan ana nufin wani furotin da ke kafe a cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, kansa yana waje, gindinsa yana ciki. Idan wani saƙo ya zo daga jini ko daga maƙwabciyar ƙwaya, makarɓin ne ke kama shi, ya sanar da cikin ƙwaya abin da ya iso. Kowane makarɓi yana da saƙon da ya dace da shi, kamar yadda kowane kwado yake da mabuɗinsa.

Makarɓi ba ya fitowa haka kawai. Umarnin ƙera shi yana rubuce a cikin zaren gado, wato DNA, wanda ke ajiye a cibiyar ƙwaya. Kowane yanki na wannan zare da ke ɗauke da umarnin furotin guda, a wannan kundi an kira shi gaɓar gado. Idan ƙwaya tana bukatar makarɓi, sai ta kwafi gaɓar da ta dace, a fitar da kwafin daga cibiya, a ƙera furotin da shi, sannan a kai shi bakin tantani a kafa. Amma wanda aka kafa ba ya dawwama. Wani ana jawo shi ciki a narkar, wani ana yanke shi ya faɗa cikin jini, wani kuma wata ƙwaya ce ke ɓantare shi ta tafi da shi. Ke nan yawan makarɓan da ke bayan ƙwaya a kowane lokaci ya yi kama da ruwa a cikin randa mai tsaga: abin da za a tarar ya danganta ga yawan abin da ake zubawa da kuma yawan abin da ke yoyo. Wannan misali yana da muhimmanci ga sauran bayanin da zai biyo baya, domin duk sinadaran da za a ambata, ko dai suna ƙara zubi ne, ko kuma suna toshe tsaga.

Yawancin makarɓan ƙwayoyin garkuwa ana kiransu da haruffan CD da lamba a gaba. Wannan tsari ya faro ne daga wani taron masana da aka yi a birnin Paris a shekarar 1982, domin a lokacin kowane ɗakin bincike yana laƙaba wa abu guda sunan da ya ga dama. Yadda ake auna yawansu kuwa shi ne, a shafa wa ƙwayoyin wani rini mai ƙyalli wanda ba ya manne wa komai sai makarɓin da ake nema, sannan a tura su ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza a cikin na'ura. Ƙwayar da ta fi ƙyalli ita ce ta fi yawan makarɓai.

3.2 Cutar Mayeloma da Dalilin Damuwa da Yawan Makarɓai

Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin B. Idan suka gamu da cuta suka balaga, sai su rikiɗe su zama ƙwayoyin filasma, su tare a cikin ɓargo, aikinsu kawai ƙera antibodi, wato furotin ɗin da ke manne wa ƙwayar cuta ya nuna ta ga sauran mayaƙan jiki. Mayeloma tana samuwa ne idan ɗaya daga cikin ƙwayoyin filasma ta lalace ta shiga hayayyafa babu tsayawa. Zuriyarta sai ta cika ɓargo, ta hana a samar da isasshen jini, ta rarake ƙashi har ya riƙa karyewa da ɗan motsi kaɗan, furotin marar amfani da take fitarwa kuma ya toshe ƙoda. Galibi cuta ce ta manya, kuma ƙididdigar ƙasar Amurka ta nuna cewa baƙaƙen fata sun ninka fararen fata kusan sau biyu wajen kamuwa da ita.

Abin lura a nan shi ne, ƙwayar mayeloma asalinta ƙwayar garkuwa ce, don haka tana ɗauke da makarɓan da ta gada daga uwarta. Biyu daga cikinsu su ne CD38 da BCMA. Ga ƙwayar, waɗannan kayan aiki ne. Ga likita kuwa, tambari ne da zai iya gane ta da shi a cikin taron jama'a.

An fara gano CD38 a shekarar 1980 ta hannun Ellis Reinherz da Stuart Schlossman a birnin Boston, inda suka kira shi T10. Aikinsa biyu ne: yana kama wani furotin mai suna CD31 da ke bayan wasu ƙwayoyi, kuma yana sarrafa wani sinadari mai suna NAD da ke da hannu a harkar kuzarin ƙwaya. Ƙwayoyin jini da dama suna ɗauke da shi, har da jajaye, sai dai kaɗan-kaɗan. Ƙwayar filasma ce ke ɗauke da shi jingim. Saboda haka aka ƙera wani antibodi na ɗakin bincike mai suna daratumumab wanda ba ya neman komai sai CD38. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Nuwamba na 2015, sannan wani ɗan'uwansa mai suna isatuximab ya biyo baya a 2020.

Daratumumab ba guba ba ne da zai shiga ya kashe ƙwaya da kansa. Yawancin aikinsa kiran gayya ne. Idan ya manne wa CD38, wutsiyarsa tana zama a waje, kuma ita ce ke jawo makasa. Akwai ƙwayoyin NK da ke zuwa su huda ƙwayar sankara su zuba mata dafi. Akwai makurofaj, wato manyan ƙwayoyi masu haɗiya, da ke lanƙwame ta ɗungurungum. Akwai kuma wani rukunin furotin da ke yawo a cikin jini, mai suna kamfilimen, wanda ke huda tantanin ƙwaya har ta fashe. Wannan na ƙarshe shi ya fi bukatar cunkoso, domin ba ya tashi sosai sai antibodi shida sun haɗa wutsiyoyinsu wuri ɗaya kamar zobe. Idan makarɓai sun yi ƙaranci, sun warwatsu nesa da juna, zoben ba zai haɗu ba. To a nan ne maganar yawa ta zama maganar rai da mutuwa.

Daɗin daɗawa, an lura cewa da zarar an fara ba marar lafiya daratumumab, CD38 da ke bayan ƙwayoyin sankararsa yakan ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci, kuma ba ya komawa yadda yake sai bayan kimanin wata shida da daina maganin. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wasu fararen ƙwayoyin jini kan zo su ɓantari makarɓin tare da antibodin da ke manne da shi, su bar ƙwayar sankarar da ranta. Wannan ne ya sa masana suka fara tunanin ko akwai abin da za a ba marar lafiya ya dawo da tambarin da ya goge.

3.3 Sinadarin ATRA

Sinadarin da aka fi sa wa rai da farko shi ne ATRA, wani nau'in asid da jiki ke samarwa daga bitamin A. Ba baƙo ba ne ga likitocin jini. A shekarar 1988 Wang Zhenyi da abokan aikinsa a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka buga sakamakon ba da shi ga masu wata muguwar sankarar jini da ake kira APL, wadda a da takan kashe mutum da zubar jini cikin 'yan kwanaki ko makonni. Kusan duk waɗanda aka ba sun sami sauƙi. Abin mamaki a lokacin shi ne, ATRA bai kashe ƙwayoyin sankarar kai tsaye ba, tilasta musu balaga ya yi, su tsufa su mutu kamar sauran 'yan'uwansu. Wannan ya nuna cewa sinadari ne mai iya juya umarnin da ƙwaya ke karantawa.

Yadda yake yin haka an fahimce shi tun 1987, lokacin da ɗakin binciken Pierre Chambon a Strasbourg ta Faransa da na Ronald Evans a Kalifoniya suka gano makarɓin ATRA, kowanne a nasa ɓangaren. Shi wannan makarɓi, mai suna RAR, ba a bayan ƙwaya yake ba, a cikin cibiya yake, zaune a kan zaren gado a wasu wurare na musamman. Idan babu ATRA, yakan riƙe gaɓar da ke kusa da shi a rufe. Da ATRA ya ratsa tantani ya iso ya kama shi, sai siffarsa ta sauya, ya saki masu rufewa, ya kira masu buɗewa, a shiga kwafar gaɓar. A cikin shekarun 1990 aka gano cewa gaɓar CD38, wadda ke kan kuromosom na 4, tana da irin wannan mazauni na RAR a cikinta, kuma ɗan ATRA kaɗan ya isa ya sa wasu ƙwayoyin sankarar jini su cika bayansu da CD38. A wancan lokaci babu maganin da ke neman CD38, don haka binciken ya zauna kusan shekara ashirin ba tare da an san abin da za a yi da shi a asibiti ba.

A shekarar 2015 wasu masana a ƙasar Holan, cikinsu har da Inger Nijhof da Niels van de Donk, suka haɗa abubuwan biyu. Suka ɗauki ƙwayoyin mayeloma daga ɓargon marasa lafiya, suka jiƙa su da ATRA, sannan suka zuba musu daratumumab. CD38 ya ƙaru, kisan ma ya ƙaru. Suka kuma tarar da wata riba da ba a zata ba. Ƙwayar sankara tana da wasu furotin biyu, CD55 da CD59, waɗanda ke kare ta daga hudar kamfilimen, sai ga shi ATRA ya rage su. Wato ya ƙara tambari, ya kuma sassauta sulke. Da aka gwada a jikin ɓeraye, nan ma sakamakon ya yi kyau. Ga magani tsoho, sananne, wanda ake haɗiya ta baki, ga kuma hujja daga kwalba da dabba. Duk wanda ya karanta wannan rahoto a lokacin yana da dalilin sa rai.

Aka shirya gwaji a jikin mutane a can Holan, aka buga sakamakonsa a 2021. An fara ba marasa lafiya 63 daratumumab shi kaɗai. Waɗanda maganin bai yi musu aiki ba, ko ya yi sannan ya daina, su 50, aka ƙara musu ATRA a kai. Masu binciken sun ƙayyade tun farko cewa za su ɗauki gwajin a matsayin nasara idan aƙalla kashi 15 cikin ɗari suka sami raguwar cuta a fili. A awon da aka tsayar, wato miligiram 45 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, kashi 5 cikin ɗari kacal aka samu. Gaskiya ne cewa a wajen kimanin kashi biyu bisa uku cutar ta tsaya cik na wani lokaci, amma ba abin da aka fita nema ba ke nan. Da aka duba samfurin marasa lafiyar, an ga cewa ƙaruwar CD38 ta wucin gadi ce, ba ta daɗe ba ta koma.

Idan aka koma ga misalin randa, ba wuya a ga inda gizo ke saƙa. ATRA ya ƙara zubi, amma tsagar tana nan, tun da daratumumab yana cikin jini kuma ana ci gaba da ɓantare makarɓan da zarar sun fito. A cikin kwalbar ɗakin bincike babu wannan ɓarna mai ɗorewa. Haka kuma an daɗe da sanin cewa ATRA yana tayar da wani inzayim mai suna CYP26 wanda aikinsa rusa ATRA ɗin ne, ta yadda in ana shan sa a jere, yawansa a jini yakan yi ƙasa. Bayan wannan akwai wata matsala da ta fi zurfi. Ƙwayoyin NK, waɗanda ake dogara da su wajen kisa, su ma suna ɗauke da CD38, kuma daratumumab yana rage su ƙwarai. Ƙara tambari a jikin ɓarawo ba ya da wani amfani idan 'yan sandan da za su kama shi sun riga sun ƙare. Hasali ma, bincike ya nuna CD38 yana raguwa hatta a jikin waɗanda daratumumab ke yi wa aiki sosai, abin da ke nuna cewa ƙarancinsa ba shi kaɗai ne ke sa magani ya daina ci ba. Da alama an ɗora wa lamba guda nauyin da ya fi ƙarfinta.

Ya kamata a yi wani ɗan tsokaci a nan saboda ambaton bitamin A. Mai karatu zai iya zaton cewa yawan cin karas ko zogale ko manja, ko shan ƙwayar bitamin A irin wadda ake ɗiga wa yara a lokacin rigakafi, zai yi irin wannan aiki. Ba haka ba ne. Jiki yana ajiye bitamin A a hanta, kuma ɗan kaɗan yake juyawa zuwa ATRA gwargwadon bukata. Awon da ake bayarwa a asibiti ya zarce wannan nesa ba kusa ba, kuma yana da illa: ciwon kai mai tsanani, bushewar fata da leɓe, sannan yana nakasa ɗan tayi idan mai ciki ta sha.

3.4 Wasu Sinadaran da ke Buɗe Gaɓar CD38

Akwai wasu hanyoyin ƙara zubi ban da ta ATRA. Zaren gadon da ke cikin ƙwaya guda ya kai tsawon kusan mita biyu, don haka a naɗe yake a jikin wasu furotin masu suna histon, kamar zare a jikin mazari. Inda naɗin ya yi tsauri ba a iya karanta gaɓa. Sinadarin panobinostat yana hana inzayim ɗin da ke tsaurara naɗin yin aikinsa, kuma a 2017 masana a Würzburg ta Jamus suka nuna yana ƙara CD38 a bayan ƙwayoyin mayeloma. Sai dai magani ne mai wahalar sha, yana kawo zawo mai tsanani da raguwar ƙwayoyin daskarar da jini, kuma amincewar da aka yi masa a Amurka a 2015 an janye ta daga baya.

Lenalidomide kuwa, wanda jika ne ga thalidomide ɗin nan da ya nakasa dubban jarirai kafin a janye shi a 1961, yana sa ƙwaya ta narkar da wasu furotin biyu, Ikaros da Aiolos, waɗanda ke danne gaɓar CD38. An ruwaito wannan a 2018. Haɗin daratumumab da lenalidomide yana cikin waɗanda suka fi ƙarfi a kan mayeloma a yau, amma ba za a ce saboda ƙarin CD38 ne kaɗai ba, tun da lenalidomide yana kashe ƙwayar sankara da kansa, kuma yana zaburar da ƙwayoyin NK da na T. An kuma gano a 2020 cewa ɓargon kansa yana taya sankara ɓuya, domin yana fitar da wani saƙo mai suna IL-6 da ke rage CD38, kuma sinadarin ruxolitinib, wanda ke toshe hanyar wannan saƙo, ya dawo da shi a gwajin ɗakin bincike.

3.5 Toshe Tsaga: Makarɓin BCMA da Almakashinsa

Labarin BCMA daban yake. An gano shi a 1992, kuma shi makarɓi ne a cikakkiyar ma'anar kalmar, domin yana karɓar saƙonni biyu, APRIL da BAFF, waɗanda ke gaya wa ƙwayar filasma ta ci gaba da rayuwa. Ya fi CD38 kyau a matsayin tambari ta fuska ɗaya: kusan ba a samunsa a ko'ina sai a ƙwayoyin filasma da ƙwayoyin B da suka kusa zama su. Wannan ya sa aka gina magunguna masu ƙarfi a kansa. Mafi shahara shi ne wanda ake kira CAR-T, inda ake ɗebo ƙwayoyin T na marar lafiya, a dasa musu umarnin ƙera wani makarɓi na roba mai gane BCMA, a hayayyafa su, sannan a mayar masa da su cikin jini. An amince da na farko a kan mayeloma a Amurka a watan Maris na 2021, kuma kuɗinsa a lokacin ya haura dala 400,000 ga mutum guda. Maganin da ya kai wannan tsada, wanda kuma galibi sau ɗaya ake yin sa, babbar asara ce a zuba shi a jikin da ƙwayoyin sankararsa ba su da isasshen tambari.

A shekarar 2015 ɗakin binciken Edgar Meinl a birnin Munich ya gano dalilin da ya sa BCMA yake da ƙaranci a bayan ƙwaya. Akwai wani inzayim mai suna gama-sikiritas da ke zaune a cikin tantani, aikinsa yankan furotin, kamar almakashi. Yawancin furotin sai wani inzayim ya fara rage musu tsawo kafin wannan almakashi ya iya kama su, amma kan BCMA gajere ne ƙwarai, don haka kai tsaye ake datse shi. Kan da aka yanke sai ya faɗa cikin jini ya riƙa yawo. Ɓarnar ta zama biyu ke nan. Ƙwayar sankara ta rage tambarinta, sannan gutsattsarin da ke yawo suna iya tare maganin a hanya, ya kama su a maimakon ƙwayar.

Abin sha'awa shi ne, sinadaran da ke dakushe wannan almakashi sun riga sun wanzu, kuma ba domin sankarar ɓargo aka fara ƙera su ba. Gama-sikiritas shi ne ke yanko furotin ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, don haka kamfanonin magani suka kashe maƙudan kuɗi wajen neman abin da zai hana shi. Ɗaya daga cikinsu, semagacestat na kamfanin Eli Lilly, an dakatar da babban gwajinsa a 2010, saboda waɗanda suka sha tunaninsu ya ƙara taɓarɓarewa, kuma sankarar fata ta ƙaru a cikinsu. Dalili kuwa shi ne almakashin ba furotin ɗaya yake yanka ba. Cikin abin da yake yanka har da Notch, wanda fata da hanji da jini ke bukata domin sabunta kansu. Abin da ya gagara a wajen tsofaffin da za su sha shi kullum tsawon shekaru, sai aka ga zai iya yiwuwa ga mai sankara da zai sha na 'yan makonni.

Masana a cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle suka nuna a 2019 cewa waɗannan sinadarai suna ƙara BCMA a bayan ƙwayoyin mayeloma, suna rage wanda ke yawo a jini, kuma ƙwayoyin CAR-T sun fi kisa a jikin ɓeraye idan an haɗa su da su. Daga nan suka gwada wani mai suna crenigacestat a jikin marasa lafiya 18, aka buga sakamakon a 2023. Tsarin gwajin ya cancanci yabo ta wani ɓangare: an fara ba da sinadarin shi kaɗai sau uku, aka sake ɗibar ɓargo aka auna, kafin a zuba ƙwayoyin CAR-T. Ta haka an ga aikinsa tsantsa a jikin mutum, ba a kwalba ba. A matsakaicin lissafi BCMA ya ninka kimanin sau 12, kuma mutum 16 cikin 18 sun sami raguwar cuta bayan an yi musu CAR-T.

Idan aka kwatanta da ATRA, bambancin a fili yake. Ƙwayar mayeloma dama tana ƙera BCMA da yawa, asara ce ta yi mata yawa, don haka da aka toshe tsaga randa ta cika cikin 'yan kwanaki. Amma duk da haka bai kamata a yi saurin yanke hukunci ba. Mutum 18 ba su da yawa, kuma babu wani rukuni da aka yi wa CAR-T ba tare da sinadarin ba balle a gwama. Magungunan CAR-T na BCMA su kaɗai ma sukan ba da sakamako mai yawa a karon farko. Saboda haka abin da gwajin ya tabbatar shi ne makarɓai sun ƙaru. Ko ƙaruwar ce ta jawo sauƙin, wannan sai gwajin da ya raba marasa lafiya gida biyu zai nuna. An kuma sami illoli, har da na jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a wajen wasu, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙwayoyin T da suka sami abin kamawa da yawa lokaci guda sukan yi tashin da ke jigata jiki. Wani ɗan wannan dangi, nirogacestat, wanda aka amince da shi a 2023 domin wani ƙari na daban mai suna desmoyid, shi ma an gwada haɗa shi da magungunan BCMA.

3.6 Inda Sinadari Ba Ya Da Abin Yi

A cikin wancan gwaji na Seattle an lura da wani abu. Waɗanda aka taɓa yi wa wani maganin BCMA a baya ba su daɗe ba cutar ta dawo musu, saɓanin waɗanda wannan ne karonsu na farko. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke iya jawo irin haka ya fito fili a 2021, lokacin da masana a Würzburg da kuma Boston suka ba da rahoton marasa lafiyar da cutarsu ta dawo bayan CAR-T, aka duba ƙwayoyin sankarar aka tarar gaɓar BCMA, wadda ke kan kuromosom na 16, ta lalace ko ta ɓace daga kwafi biyun da kowace ƙwaya ke da su. Maganin ya kashe duk masu tambari, ya bar 'yan tsirarun da ba su da shi, su kuma suka hayayyafa suka cika ɓargo. A 2023 an ƙara gano wata dabarar: makarɓin yana nan, amma ɗan wurin da maganin ke kamawa ya sauya siffa.

A irin wannan hali babu sinadarin da zai taimaka. Mai buɗe gaɓa ba shi da gaɓar da zai buɗe, mai dakushe almakashi kuma ba shi da abin da zai hana a yanka. Inda siffa ce ta sauya, ƙara yawan makarɓin ƙara abin da magani ba ya ganewa ne kawai. Ke nan kalmar "ƙaranci" da na'urar awo ke nunawa tana iya ɓoye abubuwa mabambanta: gaɓa a rufe, ko makarɓi da ake yankewa, ko wanda ake ɓantarewa, ko gaɓar da babu ita sam. Na'urar hasken leza ba ta rarrabe su, sai an haɗa da karanta zaren gadon ƙwayar sankarar da auna gutsattsarin BCMA da ke cikin jini. Marar lafiyar da aka tabbatar gaɓarsa ta ɓace, abin da likitoci ke yi shi ne su sauya tambari gaba ɗaya, su koma ga wani furotin na bayan ƙwayar mayeloma mai suna GPRC5D, wanda aka amince da maganin farko da ke nemansa, talquetamab, a watan Agusta na 2023.